Gashin shanyewar ɓarin jiki ta waya: da wane mudu ake auna sauƙi?

Ranar da aka sallami mai shanyewar ɓarin jiki daga asibiti, ranar ce doguwar jinya take farawa. Likitoci sun daidaita hawan jini, sun rubuta magani, amma hannun da ya saki da ƙafar da take jan ƙasa sai an shafe watanni ana horar da su kafin su koma aiki, idan Allah Ya nufa za su koma. Wannan horo shi ne aikin likitocin fisiyo, waɗanda jama'a suka fi sani da masu gashin ƙashi.

A Jihar Katsina, ƙwararrun wannan fanni sun fi taruwa a manyan asibitocin babban birni, irin su Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda a da ake kira Cibiyar Lafiya ta Tarayya, da Asibitin Ƙwararru na Janar Amadi Rimi. Mazaunin Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Marusa yana iya ɗaukar Keke Napep ya kai mahaifinsa sau biyu ko uku a mako, ko da yake hakan na nufin rufe shago ko neman izini a ofis. Wanda majinyacinsa yake Jibiya ko Batsari ko Ɗanmusa kuwa, ga kuɗin mota, ga wahalar ɗora mutumin da ba ya iya tsayuwa, ga fargabar hanya. Da yawa sukan je na 'yan makonni, daga nan su haƙura.

Wannan giɓi ne ya sa ake ta maganar hanyoyi biyu na zamani. Ta farko ita ce gashi daga nesa, inda likitan fisiyo yake duba majinyaci ta bidiyon waya, ya koya masa atisaye yana daga ɗakinsa. Ta biyu ita ce fasahar duniyar kwaikwayo, inda majinyaci yake sanya wani babban tabarau ko ya tsaya gaban allo, ya ga kansa yana tsinkar 'ya'yan itace ko yana kama ƙwallo, na'ura kuma tana bin motsin hannunsa tana ba shi maki. Kafin iyali su zuba kuɗi a ɗaya daga cikinsu, ko gwamnati ta sayo na'urori, akwai tambayar da ta kamata a fara amsawa: ta yaya za a gane cewa majinyaci ya samu sauƙi, kuma abin da aka yi masa ne ya kawo sauƙin?

Me ya sa “da sauƙi” ba ta wadatar ba

Bahaushe ba ya amsa gaisuwar jinya da ƙorafi. Ko yana cikin mawuyacin hali, idan aka ce masa “ya jiki?” zai ce “da sauƙi, alhamdulillahi.” Wannan ladabi ne da tawakkali, amma likitan da yake magana da majinyaci ta waya ba zai iya gina hukunci a kansa ba. A asibiti yana iya riƙe hannun ya ji taurinsa, ya ga yadda mutum yake miƙewa daga kujera. Daga nesa, abin da kyamara ta nuna da abin da aka faɗa masa kaɗai yake da su.

Akwai kuma wani abu da ke rikitar da lissafi. Ƙwaƙwalwar da ta samu rauni tana gyara kanta da kanta har zuwa wani mataki, kuma mafi yawan wannan farfaɗowa tana faruwa ne a watanni uku na farko. Duk abin da aka yi wa majinyaci a wannan tsakani, manhajar waya ce ko tabarau ko maganin shafawa, zai yi kamar shi ne ya yi aiki. Bayan wata shida farfaɗowar takan yi sanyi, sai dai abin da atisaye ya samar. Saboda haka, labarin mutum ɗaya da ya miƙe bayan ya yi amfani da wata na'ura bai isa hujja ba, sai an san yaushe ciwon ya same shi, kuma yaya yake kafin a fara.

'Yan kasuwar hatsi sun san wannan ƙa'ida tun da daɗewa. Wanda ya sayi gero da tiya ɗaya ya sayar da wata tiyar daban ba zai taɓa sanin ko riba ya ci ko faɗuwa ya yi ba. Haka abin yake a jinya: mudun da aka auna majinyaci da shi ranar farko, da shi za a sake auna shi bayan makonni, a irin yanayin da aka yi na farko.

Ma'aunan da likitoci suka yarda da su

Tun a shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsari da ya kasa lamarin nakasa gida uku: halin da gaɓa take ciki, ayyukan da mutum yake iya yi, da yadda yake shiga harkokin jama'a. Kowane mataki yana da ma'aunansa.

A matakin gaɓa, wanda aka fi amfani da shi shi ne ma'aunin Fugl-Meyer, wanda aka wallafa a ƙasar Suwidin a 1975. Likita yana sa majinyaci ya yi motsi iri-iri, daga kafaɗa zuwa yatsu, kowane motsi a ba shi sifili ko 1 ko 2. Cikakken makin hannu 66 ne, na ƙafa 34. Masu bincike sun nuna cewa ga wanda ya daɗe da ciwon, sai makin hannu ya ƙaru da kimanin biyar kafin a ce canjin ya kai wanda zai ji a jikinsa. Ƙarin maki ɗaya ko biyu yana iya zama bambancin idon mai aunawa kawai.

A matakin ayyuka, akwai ma'aunin Barthel na 1965, mai duba abubuwa goma: cin abinci, wanka, gyaran jiki, sanya tufafi, riƙe fitsari, riƙe bayan gida, shiga banɗaki, tashi daga gado zuwa kujera, tafiya, da hawa matakala. Makinsa daga sifili ne zuwa 100. Akwai ma'aunin Rankin da aka yi wa kwaskwarima, mai matakai daga sifili zuwa 6, wanda yake nuna yawan dogaron mutum ga wasu. Akwai ma'aunin Berg mai gwaje-gwaje 14 da maki 56, wanda yake auna daidaiton tsayuwa da haɗarin faɗuwa. Sai gwajin tafiyar mita 10, wanda agogo kawai yake buƙata: mutumin da ya ɗauki fiye da sakan 25 galibi tafiyarsa ta cikin gida ce, wanda ya yi ta cikin ƙasa da sakan 13 kuwa yana iya fita unguwa da ƙafarsa.

Mataki na uku, wato komawa harkokin jama'a, shi ne ya fi wuyar aunawa, domin sai an tambayi majinyacin da kansa. A nan ne harshe yake da muhimmanci. Masu bincike sun fassara ma'aunin tasirin ciwon ga rayuwa, wanda aka fi sani da SIS, zuwa Hausa, suka gwada ingancinsa a kan majinyata a Kano, aka wallafa sakamakon a 2014 bisa jagorancin Ashiru Hamza Mohammad. A Ibadan kuma Farfesa Mayowa Owolabi ya ƙirƙiro ma'aunin ingancin rayuwar masu wannan ciwo da ya fara gwadawa a kan majinyatan Najeriya. Ke nan likitan da yake Katsina yana da tambayoyin da aka riga aka tantance, ba sai ɗan majinyaci ya riƙa yi masa fassarar baka ba.

Abin da manyan gwaje-gwaje suka nuna

Gwajin da aka fi kafa hujja da shi kan gashi daga nesa an wallafa shi ne a 2019 a Amurka, ƙarƙashin Dokta Steven Cramer. An raba majinyata 124 gida biyu, wasu suna zuwa asibiti, wasu suna yin atisaye a gida ta intanet, kowane rukuni zama 36 na minti 70 cikin mako shida. Makin hannu na Fugl-Meyer ya ƙaru da kimanin 7.9 ga na gida, da 8.4 ga na asibiti. Bambancin bai kai abin la'akari ba. Sai dai akwai sharuɗɗan da masu talla ba su cika ambata ba. An kai wa majinyatan kayan aiki har gida, rabin zaman likita yana kallonsu kai tsaye ta bidiyo, kuma ƙwararru ne suka auna su ido da ido.

A ɓangaren duniyar kwaikwayo, gwajin da Dokta Gustavo Saposnik ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2016, ya zama darasi. An ɗauki majinyata 141 a cibiyoyi 14 na ƙasashen Kanada da Ajantina da Peru da Tailan. Dukansu suna samun gashin da aka saba, sai aka ƙara wa rabinsu wasan na'urar Nintendo Wii, sauran kuma wasannin hannu masu araha irin su karta da jefa ƙwallo, zama goma na awa ɗaya cikin mako biyu. Duk rukunonin biyu sun samu ci gaba, kuma na'urar ba ta fi karta da ƙwallo ba.

Cibiyar Cochrane, mai tattara gwaje-gwajen duniya ta tace su, ta duba gwaji 72 a 2017, ta ce fasahar ba ta fi gashin da aka saba ba wajen dawo da aikin hannu, amma tana iya taimakawa idan aka ƙara ta a kansa. Da ta sabunta nazarin a 2025 da gwaji 190, ta samu ɗan fifiko kaɗan ga fasahar, kuma amfanin ya fi bayyana inda ta ƙara wa majinyaci lokacin atisaye. Game da gashi daga nesa, nazarinta na 2020 a kan gwaji 22 bai nuna ya gaza na ido da ido ba, tare da jan hankali cewa gwaje-gwajen ƙanana ne kuma ma'aunansu sun bambanta.

Abin da ake fahimta daga waɗannan duka shi ne yawan maimaita motsi mai ma'ana ne yake gyara hannu, na'ura kuwa hanya ce ta sa mutum ya maimaita ba tare da gundura ba. Wannan ya zo daidai da aikin Dokta Auwal Abdullahi na Jami'ar Bayero ta Kano, wanda a 2018 ya wallafa gwajin da ya kwatanta ƙidayar yawan maimaita motsi da ƙidayar awannin atisaye. Ga iyalin da ke jinya a gida, ƙirga sau nawa majinyaci ya ɗauki kofi ya ajiye ya fi sauƙi, kuma ya fi gaskiya, a kan cewa ya yi awa biyu yana motsa jiki.

A Afirka ta Yamma, an yi gwajin farko-farko a Kumasi ta ƙasar Ghana, inda Farfesa Fred Sarfo da abokan aikinsa suka bi majinyata 20 na tsawon mako 12 ta wata manhajar waya, aka wallafa a 2018. Majinyatan sun nuna gamsuwa, amma rashin ƙarfin intanet ya zama babban cikas. Kuma da yake babu rukunin da aka kwatanta su da shi, gwajin ya nuna cewa tsarin mai yiwuwa ne, bai kai ga tabbatar da fifikonsa ba.

Tarkon makin allo

Na'urar duniyar kwaikwayo tana fitar da alƙaluma masu burgewa: saurin hannu, nisan da ya kai, yawan ƙwallon da aka kama. Matsalar ita ce mutum yana iya ƙwarewa a wasan ba tare da hannunsa ya gyaru ba. Yana iya koyon karkatar da kafaɗa da ƙirji domin ya kai inda gwiwar hannu ta kasa kaiwa, maki ya hau, ɗabi'ar motsi mara kyau kuma ta zauna. Shi ya sa ba a karɓar makin wasa a matsayin shaidar sauƙi sai an auna mutum da wani ma'auni da ba shi da alaƙa da wasan.

Har ma'aunan asibiti suna da iyaka. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka, wanda aka wallafa a 2017, ya ɗaura wa majinyata na'urorin ƙidayar motsi a wuyan hannu suna zaune a gidajensu. An tarar cewa waɗanda makinsu ya hau a gwajin asibiti ba su ƙara amfani da hannun a rayuwar yau da kullum ba. Sun saba yin komai da lafiyayyen hannu, sun ci gaba da haka. Ma'aunin Barthel ma yana iya bai wa mutum 100 cif, alhali da hannu ɗaya yake yin komai, ko maganarsa ba ta fita, ko lissafi yana kuɓuce masa. Ga ɗan kasuwar da ke ƙirga kuɗi yana ciniki da baki, ko ma'aikacin da ke rubutu da sa hannu a fayil, wannan shi ne bambancin komawa aiki da zaman gida. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Abin da ya keɓanta da Katsina

Yawancin waɗannan ma'aunai an tsara su ne a inda ake zama a kujera, a ci da cokali, a yi amfani da masai na zama. A gidaje da yawa na Katsina, abin da majinyaci yake buƙata shi ne ya iya sauka kan tabarma ya tashi, ya tsuguna a banɗaki, ya riƙe buta ya yi alwala da kansa, ya yi ruku'u da sujada, ya kai lomar tuwo baki da hannun dama, ya ɗaga ƙafa ya hau bayan babur. Mutum yana iya tashi daga gado zuwa kujera ya samu cikakken maki, amma ya kasa tashi daga zaman tahiya. Likitan da ya san aikinsa yakan zauna da majinyaci su zaɓi buri uku ko huɗu irin waɗannan, a rubuta su, a riƙa duba su tare da ma'aunan da duniya ta sani.

Akwai batun kunya. Biyu daga cikin tambayoyin Barthel sun shafi riƙe fitsari da bayan gida. Dattijuwar da ake yi wa tambaya ta waya a gaban ɗanta ko surukarta, kuma namiji ne yake tambayar, da wuya ta faɗi gaskiya. Idan kuma mai jinya ne yake amsawa a madadinta, yana iya ragewa don sutura, ko ya ƙara don gajiya. Dole tsarin aunawa ya tanadi wanda zai yi tambayar, da wanda zai kasance a ɗakin.

Sai batun sadarwa. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar tsaro, aka yi watanni a haka. Ko babu irin wannan, ƙarewar data da rashin wutar cajin waya sun isa su yanke jinya. Majinyatan da suka ɓace a tsakiyar shiri galibi su ne mafi talauci ko mafi tsananin ciwo. Rahoton da ya lissafa waɗanda suka kammala kaɗai zai fito da kyau fiye da gaskiya. Duk hukumar da aka kawo wa irin wannan shiri ya kamata ta tambayi mutum nawa suka fara, nawa suka kai ƙarshe, me ya tsayar da sauran, kuma nawa kowane iyali ya kashe.

Bidiyon majinyaci kuma sirri ne. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ake bai wa kariya ta musamman. Bai halatta a ɗauki hoton mutum yana fama da jikinsa a yi talla da shi ba tare da yardarsa ba.

Abin da za a iya aunawa daga gida

Ma'aunin Rankin ana iya cike shi ta hira a waya, haka ma tambayoyin ingancin rayuwa. Gwajin tashi daga kujera, a yi tafiyar mita uku, a juyo a zauna, ana iya ɗaukarsa a bidiyo idan an auna tazarar da tef, aka yi amfani da kujera ɗaya da takalmi ɗaya kowane lokaci, aka kafa wayar inda za ta nuna mutum daga kai zuwa ƙafa, kuma wani mai ƙarfi ya tsaya a ɓangaren da ya shanye don gudun faɗuwa. Amma taurin gaɓa, da raunin jin taɓawa, da ciwon kafaɗa, da wasu sassan Fugl-Meyer, sai likita ya sa hannu. Don haka tsarin da ya fi dacewa shi ne a auna majinyaci ido da ido kafin a fara, a ci gaba da atisaye a gida ana bibiya ta waya, sannan a dawo da shi asibiti lokaci-lokaci a sake aunawa. Zuwa sau ɗaya a wata ko wata biyu ya fi sauƙin ɗauka a kan zuwa sau uku a mako.

Akwai awon da bai kamata a manta da shi ba, wato na hawan jini. Binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Najeriya da Ghana, ciki har da na Kano da Zariya, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna cewa hawan jini yana da hannu a kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar ɓarin jiki a yankin. Wanda ciwon ya taɓa samu yana cikin haɗarin ya sake dawo masa. Idan baki ya karkace, ko hannu ya sake saki, ko magana ta harɗe farat ɗaya, wannan ba na kiran bidiyo ba ne, sai a garzaya asibiti nan take.

Tambayoyi kafin a biya

Iyalin da aka yi wa tayin gashi ta waya ko ta tabarau suna da haƙƙin su tambaya ko mai bibiyar majinyacin yana da rajista da Hukumar Kula da Ƙwararrun Farfaɗo da Majinyata ta Najeriya. Su nemi a faɗa musu sunan ma'aunin da za a yi amfani da shi, da makin majinyaci a ranar farko, da ranar da za a sake aunawa, da yawan ƙarin makin da za a ɗauka a matsayin ci gaba. Su tambayi wanda zai yi awon, domin bai dace mai sayar da na'ura ya zama shi kaɗai ne alƙalin aikinta ba. Su kuma ajiye ƙaramin littafi a gida, su riƙa rubuta kwanan wata da abin da majinyaci ya yi da kansa: ranar da ya fara ɓalle maɓallin riga, ranar da ya yi alwala ba a riƙe masa buta ba, ranar da ya taka zuwa masallacin unguwa. Idan aka shafe mako shida zuwa takwas ana biya, makin ma'auni bai motsa ba, littafin ma bai samu sabon layi ba, lokaci ya yi da za a koma wurin likita a sake duba tsarin.